Mai Gyara da Haruffansa Masu Tartsatsi

Nas ɗin tana tsaye a bayan mutumin da aka turo ya gyara manhajar asibiti, wadda tun safe ta ƙi fito da sunayen marasa lafiya. Siriri ne, gemu a gyare, sai ƙamshin turare. Layi ɗaya kacal zai canza, in ji shi.

Sai dai shafin da yake rubutu a kai ya sha ado. Bayansa hoton teku ne mai motsi, kowace kalma da launinta da inuwarta, kowane harafi kuma sai ya yi tartsatsi kafin ya zauna. Kwamfutar sai huci take yi. Yana danna harafi, ya jira, ya shafa gemu, sannan harafin ya iso. Ta tabbata wannan ko gobara ake yi a gidansu sai ya goge takalmi tukuna.

"Malam, kashe kwalliyar nan mana! Ga tsohuwa can a benci, numfashinta sama-sama."

"Anti, ai ba na iya tunani a farin shafi."

Ya danna harafin ƙarshe. Tartsatsin ya tashi, ya tsaya cak, komai ya sandare har tekun.

"Amma fa ya yi kyau," ya ce a hankali.

Ta fita ta kamo hannun tsohuwar, ta shigar da ita wurin likita ba suna.