Ƙasar Karbala a Aljihun Kawu

Jiya ina kakkaɓe tsohuwar rigar Kawu, yayan mahaifiyata, sai ɗan dunƙulen ƙasar Karbala ya faɗo daga aljihu. A kansa yake sujada. Har yau da ƙanshin turarensa a jiki, tsakiyar ta yi baƙi don zufar goshi.

Sau ɗaya ya je ziyara Iraki. Ranar da ya dawo garinmu Gatawa munka zauna gindin tsamiya, ya miƙe ƙafafunsa da sunka faffashe don tafiya.

Na ce, "Kawu, tsarabar ke nan? Ƙasa? Kamar ba mu da ita a Gobir?"

Ya yi dariya har da tari. "Kai dai ba ka da kai. Na ga Babila, fadar manyan sarakuna, ba kowa ciki sai ƙadangaru. A Karbala na ga kabarin jikan Annabi da anka zalunta, ba masaka tsinke. Je ka yi tunani."

Bara 'yan bindiga sunka same shi a gonar gero, da fartanya a hannu. Ina kwance ɓoye tsakanin kunyoyin gonar, na ga wanda ya harbe shi. Ɗan garinmu ne, mun sha cin tuwo kwano guda.

Yanzu manya na cewa a yi sulhu, a yafe. Ni ban yafe ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa. Wancan kuma, Allah Ka bar ni da rai har ranar jana'izarsa. Za ni je, in tsaya gefe, in ƙi shiga sahu.