Jantin Gwaggo Ramata

A tsohon garin Agadez akwai wata ƙaramar zawiya inda baƙi ke sauka: masu albasa daga Tabelot, masu gishiri da dabino daga Bilma. Malamin zawiyar ne ke jan salla da wazifa, amma tukunya ta Gwaggo Ramata ce, ƙanwar babana. Tun tana amarya ta gaji girkin daga uwar mijinta. Mijin ya rasu, 'ya'ya suka watse Arlit da Yamai, ita tana nan gaban murhu. Abin alfaharinta guda ne a duniya: ba wanda ya taɓa shigowa farfajiyar nan lokacin abinci ya fita da yunwa.

Da murya take kiran baƙi, kuma in ta ce "Ku taso!" har maƙera na ji. Bara muryar ta dishe. Wani tsoho ɗan Bilma ya kusa rasa abincin rana don bai ji kira ba, Gwaggo ta wuni tana faɗa da maƙogwaronta.

A lokacin na dawo hutu daga jami'a, ina taya ta tsince wake. Ta tambaye ni me muke karantawa har na rame haka. Na ba ta labarin gidajen ibadar mabiya Buda na ɗaruruwan shekarun baya, a Indiya da Sin da hanyoyin fatake na tsakaninsu. Masu zaman ibada a ciki suna koyar da karatu, suna kwafar littattafai, suna jinyar marasa lafiya, suna sauke matafiya, mutanen gari kuma na kawo musu abinci sadaka.

"To ai zawiya ce," in ji ta da disasshiyar muryarta. "Wa ke musu girki?"

"Ba a faɗa mana ba, Gwaggo."

"Kullum haka ne. Da wace murya ake kiran mutane su ci?"

"Ba da murya ba. Katako suke bugawa, ko ƙararrawa."

Ta ajiye faifan waken, idonta na ƙyalli.

Malam ya ɗan ɓata fuska da ya ji tana son ta rinƙa kiran baƙi da ƙararrawa. "Ƙararrawa a zawiya, Ramata? Ba dai don salla ba."

"Salla tana da ladaninta, Malam. Shinkafa ce ba ta da kowa."

Chaibou mai gyaran mota ya kawo mata tsohon janti, wato ƙarfen tayar babbar mota, ya rataye a itacen bedi. Dukanmu mun yi lakwal, wato makarantar boko, amma ba wanda ya tuna cewa lakwal ɗin da ke bayan katangarmu irin wannan jantin take bugawa in za a tashi yara.

Ranar farko Gwaggo ta gama shinkafa da wake da wuri don ɗoki. Ta ɗauki guntun ƙarfe ta narka wa jantin duka kamar ya yi mata laifi.

Sai muka ji ihu daga bayan katanga. Yara sun fashe daga azuzuwa da gudu, suka bi ƙara, daga nan suka bi ƙamshi. Kafin in miƙe farfajiya ta cika da jakunkuna da ƙananan kawuna. Malaminsu, wanda suke kira Mushe da Faransanci, ya shigo a baya yana haki, alli a hannu.

"Ku koma! Lokaci bai yi ba! Hajiya, wa ya ce ki buga?"

Gwaggo ta dubi tukunyar da ta dafa don baƙi kaɗan, ta dubi yaran. Ta raɗa mini: "Sun shigo ko ba su shigo ba?"

"Sun shigo, Gwaggo."

Ta tare ƙofa da muciya. "Wanda ya shigo ba ya fita bai ci ba. Har kai, Mushe. Zauna."

Na leƙa tukunyar. Ko da cokali aka raba ba za ta kai ba. Gwaggo ta ɗauki mara ta fara zubawa kaɗan-kaɗan.

Tsohon nan ɗan Bilma ne ya fara dariya, ya kwance bakin buhun dabinonsa. Masu albasa suka farke buhun dankali suna tsokanarsa, wai su ma ba za a fi su ba. Maƙwabta da suka fito kallon rigima suka koma suka ɗauko tukwanensu da zafinsu. Aka hura murhu na biyu. Malamin zawiya da kansa ya naɗe hannun riga yana yanka albasa, hawaye na zuba, yara na kwashewa da dariya.

Kowa ya ci. Gwaggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba fuska, sannan ta kankare ƙanzo ta miƙa wa Mushe, wanda tuni ya manta da faɗa.

Da yamma ta sa Chaibou ya sauke jantin. "'Yar nan, kin ce katako ko ƙararrawa? Mu koma katako."

Yanzu wani tsohon turmi take bugawa da taɓarya. Yaran lakwal sun riga sun gane ƙararsa, shi ya sa ta sayi babbar tukunya.