Kwanon da Aka Sauya Mini

Da muka dawo Kaura daga Masar, ni da Baba, magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai daga cikin duk abin da likitan da ya yi mini aikin rage ƙiba ya faɗa. Ta bakin tafinta ya ce sun ɗinke tumbina ya koma ɗan ƙarami, amma nama ne, yana miƙewa. In na riƙa ƙara loma ɗaya yau, ɗaya gobe, zai buɗe, ƙibar ta dawo inda take. Ni kuwa na san inda take. Na gama sakandare ina sallah a zaune kamar tsohuwa, daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai na tsaya na huta.

Ranar da na fara cin tuwo, Inna, mahaifiyata, ta sauke kwanukanta na jere, farare masu jan baki, guda biyar masu shiga cikin juna. Ta zaro na can ciki ta ce wannan ne ma'aunina. Rabinsa tuwo, sauran miya, sau uku a rana. Na ɗauki ƙusa na yi masa ɗan zane a gindi, don kawai in ji nawa ne.

Wata shida na yi a haka. Zannuwana suka koma zagaye ni sau biyu. Sikeli kuwa yana wani kemis can wajen tasha, kuma shekarun ne aka hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, fita sai da dalili. Sai na mayar da jigida ma'auni. Kullum da safe in sa yatsu huɗu tsakaninta da ƙuguna, in sun shige ba takura, hankalina ya kwanta.

Ana nan sai Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga Dauran da ƙwaryar man shanu. Tana ganina ta tafa hannu.

"Ke ja'ira, buhu munka aika Masar, shi ne anka maido muna tsinke?"

"Kaka, ai lafiya na samu."

"Lahiya? Wanga kwano na kyanwa ne ko na mutum? Ko kajina ba su ƙoshi da shi."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma daga ranar na sa mata ido. In ta nufi murhu, sai in ƙirƙiri ɗebo ruwa in bi ta. In aka kawo miya, sai in karkata kwanon ga haske in duba ko mai yana yawo a sama.

Bayan kwana kaɗan na fara jin nauyi a ƙirji duk sanda na gama cin abinci, kamar an ɗora mini dutse. Na ce ko sauri nake yi. Na rage sauri, nauyin bai tafi ba. Sai da aka yi mako uku ya tafi da kansa, kuma tafiyarsa ta fi zuwansa ba ni tsoro, don na tuna maganar likita. Washegari na sa yatsu a jigida, uku suka shiga, na huɗun sai da na matsa. Na zauna a bakin gado.

Da rana aka kawo tuwo. Na riƙe kwanon, na ji ya cika mini tafi fiye da yadda na saba. Na ɗaga shi na leƙa gindinsa. Babu zanen ƙusa.

Na jira Inna ta shiga wanka, na faɗa ɗakinta, na sauke jeren. Ga kwanona can ciki, an wanke an goge, da zanensa. Na biyu ne aka ba ni. Bambancinsu bai fi kaurin yatsa ba.

Na fito da su biyun na tsaya a gaban Kaka, tana tsinkar zogale a inuwa.

"Kaka, me na yi miki? So kike in koma sallah a zaune?"

Ta dube ni, ta dubi kwanukan. "Ni? Ni da ban shiga ɗakin surukata? In ni ce, akushi zan aje miki gaban idonki, ban iya ɓoye-ɓoye ba."

"Ni ce," in ji Inna daga bayana, zane a ƙirji, ruwa na ɗiga daga kanta.

Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Ta ce ta je suna Zurmi, mata suka kewaye ta suna yi mata jaje. Wata ta tambaye ta a hankali ko ciwon zamanin nan ne aka kai ni neman maganinsa, shi ya sa ake ɓoye ni. Ta ce ta dawo a mota tana kuka har Kaura.

"Loma biyu ce kawai, ɗiyata. Ki ɗan yi kumatu su bar mu."

"Inna, su ne za su ɗaga ni in na kasa tashi?"

Ta miƙa hannu ta karɓi kwano na biyun ta koma ɗaki.

Tun daga ranar kwanona yana cikin akwatina. Ni ke wanke shi, ni ke kai shi gindin murhu. Na yi kwana goma ina jin yunwar da na manta da irinta, kafin yatsa na huɗu ya sake shiga. Kaka ta koma Dauran tana tsokanata, wai in na zo za ta dafa mini ƙwayar gero uku.

Na so in karɓi zubawar ma, amma ɗiya ba ta ƙwace mara daga hannun uwarta. Inna ce ke zubawa har yau, ni ina tsaye a kanta. Jiya na ga ta sa bayan mara ta danna tuwon sau biyu kafin ta miƙo mini. Ban sani ba ko gyara shi ta yi. Na kai ɗaki, na gutsure gefe guda na kai wa kaji.