Yadda Lambun Goggo Hisayo Ya Watsu a Lungunmu

Bango ɗaya ne ya raba shagona na wanki da guga da shagon taliyar Goggo Hisayo, a wani lungu na birnin Takamatsu da mota ba ta iya shiga. Kullum kafin ta ɗora romo sai na ji tsiyayar ruwa a ƙofarta, na san ta fara shayar da 'ya'yanta ke nan. Haka take kiran 'yan shuke-shukenta na cikin tukwane.

'Yar manoma ce daga Kinashi, inda ake rainon bishiyar matsu mai ganye kamar allura, a lanƙwasa ta da waya tun tana ƙarama har ta tsufa a cikin kasko. Aure ya kawo ta gari, gidan Genzo mai taliya, gidan da ko wurin birgimar kaza babu. Ta ce watanninta na farko kamar an sa ta a akwati. Wata rana kwanon shago ya tsage a baki, ta hana a yar, ta sa Genzo ya huda masa gindi. Ta zuba ƙasa, ta dasa ɗan reshen rumman, ta shimfiɗa gansakukar da ta kankaro daga bangon bayan gida, ta kafa dutse ɗaya a gefe. Genzo ya duba ya ce, "To, ga gonarki nan, sai a sayo miki shanun huɗa."

Shekaru suka tafi, Genzo ya rasu, ita ta ci gaba da shagon. Wuri yana ƙarewa, tukwanen suna ƙara ƙanƙancewa: kofin shayi, ƙwaryar kawa, har da wanda ɗan yatsa ke rufewa. A kan katakai hawa-hawa a ƙofarta akwai gora, da lemo mai 'ya'ya kamar wake, da wata 'yar bishiyar kanya da ta girme ni amma tsawonta bai kai taƙi ba.

Mai tsokanarta shi ne Baba Kuroiwa, mai askin da ke fuskantar shagonta, mutum mai sanƙo tas da baki kamar reza.

"Hisayo, yaushe za mu fara shan inuwar bishiyar nan taki?"

"Ranar da gashi ya dawo kanka, Kuroiwa. Ka ga duk sai mu yi haƙuri."

A tsakiyar wata bazara likita ya ce gwiwarta sai an yi aiki, kuma za ta daɗe a kwance. Ƙaramar tukunya kuwa a irin zafin nan wuni guda ya isa ya kashe ta. Na ce zan shayar mata, ta kalli tulin kayan gugar da ke gabana ta yi dariya. "Natsue, ke da ko ruwan shanki sai an tuna miki? Ɗauki ɗaya dai."

Ranar da za ta rufe shago, duk wanda ya ci taliya da tukunya ya fita. Ni ta ba ni gorar. Inna Sueko mai awara ta karɓi rumman ɗin nan na farko. Magana ɗaya take yi wa kowa: "Sa yatsa a ƙasar. In ta bushe, ba ta ruwa har ya fito ta ƙasa. In da danshi, tafi harkarka." Baba Kuroiwa ya ce shi ba shi da lokacin rainon ciyawa. Sai ta tsallaka da sandarta ta ajiye kanyar a kan tagarsa ta dawo.

Lungunmu ya canza. Da safe sai ka ga mutane a ƙofofinsu da butar shayi, kowa ya sunkuya yana tsoma yatsa a ƙasa. Waɗanda a da gaisuwa kawai ke haɗa su suka koma tambayar juna ko ganyen nan da ya yi rawaya lafiya yake. Baba Kuroiwa yana cewa shi bai taɓa shayar da komai ba, ruwan wanke reza ne yake watsarwa ya faɗa kai. Amma ranar da rediyo ya ce guguwa na tahowa daga teku, na shiga kai masa tawul ɗin da na goge, na tarar da kanyar zaune a kujerar aski, mai son aski kuma yana tsaye yana jira.

Na ce, "Baba, ba ka ga mutum ba?"

"Ita ta riga shi zuwa."

Da aka sallamo Goggo, muka taru a shagonta, kowa da tukunyarsa. Ta zauna ta miƙe ƙafa a kan kujera, ana miƙo mata ɗaya bayan ɗaya tana jujjuyawa. Gorata ta ce ba laifi, sai dai ta karkata saboda ban juya ta ga rana ba. Inna Sueko ta rage a baya tana ta murza gefen rigarta. Da aka zo kanta, Goggo ta daɗe tana kallon rumman ɗin.

"Sueko, ruwan gidanki akwai albarka. Na ba ki tsoho mai ƙusumbi, kin dawo mini da saurayi."

Inna Sueko ta rufe fuska. Ashe son da ta yi masa ne ya yi yawa, safe da rana da yamma tana ba shi ruwa har saiwar ta ruɓe. Ta hau jirgin ƙasa har Kinashi ta nemo mai kama da shi ta dasa a kwanon. Duk mun san tarihin wannan rumman. Goggo ta shafa bakin kwanon. Sannan ta ce, "Ya ci zamaninsa. Wannan kuwa ke kika wahala a kansa, riƙe abinki. Amma ki rage masa ƙauna." Aka kwashe da dariya, Inna Sueko tana dariya tana share ido.

Baba Kuroiwa hannu rabbana ya zo. Ya ce kanyar ba ta jin daɗin fita yau.

"Kawo mini 'yata, Kuroiwa."

"Ta saba da tagata. Ranar safe ta fi kyau a wajena, ke ma kin sani. In kina kewarta, ga ta can, leƙo."

"Ba dai ka yi mata aski ba?"

"Ganye biyu kacal. Sun fito mata a kunne."

Daga ƙarshe kaɗan Goggo ta karɓa, sauran ta bar wa masu su, ta ce dama gwiwar ba za ta iya da su duka ba. Yanzu da hantsi take rufe shago na ɗan lokaci, ta bi lungu da sanda ƙofa-ƙofa, tana sa yatsa a tukwane tana faɗa. Ba wanda ke jin haushi. Wasu ma shayi suke ajiye mata.

Da kaka kanyar ta yi 'ya'ya jajaye. Baba Kuroiwa ya goge tagarsa, ya sayo alewar wake, ya gayyace mu kallo kamar mai bikin suna. Muna cikin shan shayi wani tsuntsu ya sauko ya tsinke ɗaya a gabanmu. Tsohon ya bi shi da tawul har bakin titi. Ya dawo yana haki da rabin ɗan kanyar da tsuntsun ya yar, Goggo ta karɓa ta fitar da ƙwallon ta sa masa a tafin hannu.

"Wanke shi ka binne. Sai sanyi ya wuce zai fito, kada ka dame shi."

A kwanon kumfar aski ya shuka shi. Jiya da na wuce na gan shi ya sa tabarau yana leƙen ƙasar, Goggo kuma daga ƙofarta tana ce masa in ya sake tonawa don ya duba, za ta ƙwace kwanon.