Zanen Hulata a Kasuwar da Ba Ta da Rumfa

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a wannan labari ni ne wawan. Akwai ɓarawo a ciki, amma shi aikinsa ya yi, kuma ya iya.

Sana'ata zanen hula. Ba ɗinki ba, zane. A kawo mini farin ƙyalle in shimfiɗa a kan katako, in fitar da gidaje da layuka da alƙalamin bik, masu allura su bi sawuna. Rumfata tana kasuwar Tanut, kusa da teloli. Lakwal kuwa, wato boko, aji huɗu na yi, sannan ni da malaminmu, mushe, muka fahimci juna, kowa ya kama gabansa. Abin da na fito da shi daga can shi ne son kaye, littafin rubutu. Duk zanen da na fitar sai na fara ajiye shi a wani babban kaye mai baƙin bango, shafi ɗaya zane ɗaya.

Wata ranar kasuwa wani baƙo ya tsaya a rumfar, tsaf da shi, da jaka a kafaɗa, ya ce daga Damagaram yake zai wuce Agadas. Ya ɗauki hula bai nemi ragi ba, wanda wannan kaɗai ya isa in yi shakkarsa. Amma sai ya ce bai taɓa ganin hannu irin nawa ba. To, ni a faɗa mini haka an gama da ni. Da kaina na jawo kayen. Ya ce ko zai ɗauki hoto ɗaya? Na ce ɗaya me, ɗauki duka. Ni na riƙa buɗe masa shafi, ni na danne gefe da yatsa kar iska ta kaɗa. Da na ga inuwar rumfa ta yi yawa, na ce mu fita rana, hoton ya fi fitowa.

Aka yi damina biyu. Babbar ƴata, wadda take koyarwa a Belbeji, ta zo hutu. Muna zaune da hantsi ta miƙo mini wayarta.

"Baba, ka san wannan?"

Na sani mana. Zanena ne, mai gidaje takwas da ƙahon rago a tsakiya. An wanke shi tas, an cire dattin yatsana, ya yi kyau har na ji kishinsa. Ta ja da yatsa, ga wani, ga wani. Ta ce tana neman zanen da za ta buga wa ɗalibai su shafa wa launi ne ta ci karo da su a wata kasuwar intanet. Mai so ya biya, ya sauke, ya buga a takarda a garinsu.

Na ce, "In an saya, me ya rage a wurin mai sayarwar?"

Ta ce, "Duka."

Wannan ya ɗaure mini kai fiye da satar. A kasuwarmu in ka sayar da akuya, akuya ta tafi, kai ka koma da igiya. Shi wannan bawan Allah yana sayar da abu ɗaya safe da yamma, abin yana nan. Kuma ni ma kayena yana nan, ban rasa ko shafi ba. Har na fara tunanin ko in yafe, sai ta karanta mini abin da ya rubuta a ƙasa da Faransanci: tsoffin zanen mutanen hamada ne, ba a san mai su ba.

Ba a san mai su ba! Ina zaune da raina, da haƙorana shida.

Na ce a nemo mini sarkin kasuwar. Kowace kasuwa tana da sarki, in kai masa goro, in kawo shaidu biyu daga cikin teloli, magana ta ƙare. Ta ce babu sarki, sai wata takarda da ake cikawa a cikin wayar. Na ce to rubuta. Na fara da gaisuwa yadda ta kamata, na tambayi iyalinsu da gajiyarsu da yadda suka ji da zafi.

"Baba, gurbin ba ya ɗaukar wannan duka."

"To su waɗanne irin mutane ne?"

"Suna son sanin wane zane ne, ina yake a shafinsu, da shaidar cewa naka ya riga nasa."

Shaida? Wannan ai mai sauƙi ne. Washegari, ban gaya wa kowa ba, na sa babbar riga na ɗauki kayen na nufi meri, ofishin magajin gari. A iya sanina, takardar da ta sha tampo, wato hatimi, ba a ja da ita, ko jandarma ganinta yake ya sassauta murya. Na lallaɓa wani ma'aikaci da na sani ya buga mini a bangon ciki, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata. Na dawo gida ina tafiya kamar wanda ya ci shari'a.

Ƴata ta duba, ta dafe kai.

"Baba, kwanan watan yau ne a jiki."

"Na jiya kike so ya sa?"

"Shi mutumin ya fi shekara yana sayarwa. Yanzu ka kawo shaida da tampo cewa kai ne ka zo daga baya."

Na sake duban tampon. Ya fito da kyau kuwa, ja wur.

Duk wannan abin uwar yaran tana gefe tana saƙar faifai. Sai ta ajiye kaba ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ta fito da wani tsohon hoto, na ranar sunan ita wannan ƴar tawa, wanda mai hoto ya buga wa kwanan wata a baya. Ga ni zaune ina matashi, wuya kamar na zabo, a kaina hula mai gidaje takwas da ƙahon rago.

Ƴata ta yi tsalle. Ta ɗauki gaba da bayan hoton, ta ɗauki kayen shafi shafi, wannan karon ita ta riƙe. Tana ƙara girman hoton a waya don hular ta fito, sai ta tsaya.

"Inna, wannan faifan da ke rataye a bango bayan Baba, na wa ne?"

"Nawa ne, ni na saƙa. Da su aka kawo ni."

"Ai zanen hular ne a jiki."

Na karɓi wayar na duba. Gidaje takwas, ƙahon rago. Na gaba da shi ma na san shi, yana shafi na uku a kayena. Na yi gyaran murya na ce ai ido yana gani, hannu yana ɗauka, haka sana'a take tun kakanni. Aka aika takardar, bayan na rantse a wani ɗan gurbi cewa gaskiya na faɗa. Rantsuwar ma da yatsa ake yinta, ba alwala.

Kullum sai na tambaya ko sun amsa. Ina son in san wane ne yake karantawa a can, ko yana sa hula, ko ya gane cewa ƙahon rago ne ba ƙugiya ba. Ranar da ƴata take haɗa kayan komawa Belbeji saƙo ya shigo, layi biyu, babu ko sallama: sun duba, sun cire. Ta buɗe shafin mutumin, wayam.

Na miƙe tsaye a tsakar gida, na gyara hula. Na ce yau duniya ta san zanen nan yana da mai shi. Na ce duk wanda ya ɗauki aikin wani bai tambaya ba, ko yana bayan teku, sai an kamo shi.

Uwar yaran ba ta ko ɗago daga saƙarta ba, ta ce wa ƴar tamu:

"Ke, kar ki rufe wayar nan. Buɗo mini takardar, ni ma ina da ɓarawo. Nawa ba sai an je bayan teku ba, ga shi nan tsaye yana jiran fura."