Kunnen Baba Bakanike

Jiya wani sabon babur ya wuce ni a bakin kasuwar Kafanchan yana ƙaraf-ƙaraf, sai na ji na karkata kaina gefe, kamar yadda marigayi Baba bakanike yake yi.

Shekarar da na sayar da cittar da na noma gaba ɗaya na sayi babur, ko wata biyu bai yi ba ya fara ƙara duk lokacin da na canja giya. Masu gyara biyu suka ce sai an buɗe inji. Sai na tura shi rumfar Baba.

Bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya manna mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido. Warin baƙin mai ya cika rumfar. Ya ja kuloci, ya saki, ya sake ja.

"Ɗana, giyarka lafiya lau," in ji shi. "Hanyar gonarku ramuka ce, ko? Kana tafiya da yatsu biyu a kan kuloci, kana cinye shi a hankali."

Bai taɓa ganina a kan babur ba, bai san ƙauyenmu ba. Ya ɗan sassauta wayar kulocin, ƙarar ta ɗauke.

Har yau in yatsuna suka hau kuloci, sai in janye su da sauri, kamar yana saurare. Allah ya jiƙanka, Baba, ya ba ka hutu.