Wasan Daji a Woodbridge

A filin wasan harbin fenti na Woodbridge, wasa iri biyu ake yi. Akwai na gasa, mutum biyar-biyar a ɗan fili, ana ɓuya bayan buhunan iska ana ta kiran juna. Akwai kuma na daji, inda ake cusa duk wanda ya zo a ɗaya daga cikin ƙungiyoyi biyu.

Ranar Asabar nakan je ni kaɗai. Wata rana alƙalin wasa ya ce mini, "Kana da gudu, me zai hana ka shiga gasa?"

Na ce sai na samu abokai huɗu tukuna. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Na sa abin kare fuskata, na koma cikin itatuwa, na zauna bayan wani kututture har aka busa usur.